Kakana ya yi wata uku a kurkukun Salaga: ɓarawo ne?

Tambaya: Malam, daga Aboabo nake rubutowa, nan Kumasi. An kusa sa ranar aurena, sai wata gwaggon yarinyar ta tono cewa kakana ya yi wata uku a kurkukun Salaga zamanin Turawa, wai jinin sata ne. Barci ya gagare ni. Me ake ɗaure mutane a kai a can?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka. Wata ukun nan shi ne babban mai shaidarka. Na Salaga ƙaramin kurkukun gunduma ne a ƙarƙashin Disi, wato Baturen da ke mulkin gundumar, tun bayan da Ingila ta mai da Arewacin Ghana ta yau ƙasar kariya a 1901. Masu ɗaurin shekaru manyan gidajen yari ake tura su, irin su Ussher Fort da ke Accra.

Wannan magana ta "duk ɗan sarƙa ɓarawo ne" ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. A wancan zamanin tankas, wato duba-gari, zai leƙa randar matarka, ya ga 'ya'yan sauro, ya rubuta sammaci. A ci ka tara, ba ka da sule biyar a aljihu, sai gidan kaso. Wani bashi ya kai shi. Wani ƙin fita aikin hanya na tilas. Wani faɗa a kasuwar goro. Da safe gandiroba ya tasa su gaba su sare ciyawa, su ɗebo ruwa, su kwashe bokitin masai, don gwamnati na son lebura kyauta. Akwai ɓarayi a ciki, ba na musu. Amma gwaggo ta ga takardar shari'ar ne? Ko gulmar bakin famfo ce ta zama hujja, har za a rushe auren Musulmi? Nkrumah ma ya kwana kurkukun James Fort daga 1950, ya fito a Fabrairun 1951 ya karɓi ragamar gwamnati. A hana jikokinsa aure mana!

Ka je ma'ajiyar takardun gwamnati, PRAAD, reshen Tamale, ko hedikwata a Accra, ka nemi littattafan kotun Disi na Salaga. Ka tafi da sunan kakanka ta kowace fuska, domin akawu kan rubuta "Mama Hausa" a madadin Muhammadu. Wanda duk ya tare ka a titi ya ce kawo sidi kaza ya fito maka da takarda gobe, ka riƙe kuɗinka, ka zauna ka buɗe littafin da hannunka.