Neman Salsala a Intanet: Daga Ina Ake Farawa?

Ka ce mutum ya zo shago yana neman asalin kakanninsa, ka rubuta sunan kakan a Google, ba abin da ya fito. Ɗana, ka fara ne daga inda ake ƙarewa.

Bahaushe ba shi da sunan dangi mai bin zuriya. Ɗa sunan ubansa yake ɗauka, jika ya ɗauki na nasa uban, kowane hawa sunan sauyawa yake. Saboda haka kafin ka taɓa kwamfuta, bi mutumin gida da littafi da waya mai caji. Fara da wanda ya fi kowa tsufa, kada ka tsallake goggonni, su ne ke riƙe da wa ya auri wa. Nemi izini kafin ka naɗi murya. Tambayi sunan yanka da laƙabi, sana'a, garin da aka taso, irin zanen fuska, da abin da ya kawo su, fatauci ne ko hanyar Makka a ƙasa ce ta ajiye su a nan Kamaru ko Cadi. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗan fari ba saboda alkunya. Kada ka matsa mata, tambayi ƙanen mijin.

Kada ka ce "wace shekara?" Ka ce: kafin a kashe Rabe a Kusiri ne, wato 1900? Zamanin mulkin Jamus a Kamaru ne, da ya ƙare a 1916? Ko bayan mulkin kai na 1960?

Sai takardu: ta haihuwa, tsohon katin shaida, littafin soja, da kundin malam, inda akan rubuta haihuwa da ajami. Shimfiɗa kowace a hasken rana, ɗauki gaba da baya. In ka ga "né vers 1935", kintace ne, rubuta "wajen 1935".

Yanzu intanet. Abin da ya fi kayar da mutane rubutun Faransanci ne. Usman ya zama Ousmanou, Muhammadu ya zama Mohamadou, a Cadi kuma Mahamat, Jibrin Djibrine, Hausa Haoussa. Garuruwa ma haka: N'Djamena Fort-Lamy ce har 1973, Kusiri kuwa Fort-Foureau. Gwada kowane salo ɗaya bayan ɗaya, haɗe da sunan gari. In kakan ya rasu a sojan Faransa, duba Mémoire des hommes, shafin gwamnatin Faransa mai sunayen sojojinta da suka rasu. Tsofaffin jaridu da littattafan zamanin Turawa suna Gallica, ɗakin karatun Faransa na intanet, kyauta. Rajistar haihuwa da taskar ANOM ta Aix-en-Provence, ma'ajiyar takardun mulkin mallakar Faransa, ta sa a intanet yawanci ta Turawa ce, don haka kada ka yi wa kowa alkawari a kanta.

FamilySearch, shafin neman salsala, ba a biya, amma na cocin Mormon ne, kuma kowa na iya gyara bayanin mamaci a ciki. Gaya wa mai aikin wannan kafin ka sa sunayen iyayensa. Ainihin aikin ajiye shi a Gramps, manhajar rubuta salsala a kwamfuta, fitar da kwafin GEDCOM, wato fayil ɗin da sauran manhajojin salsala ke iya buɗewa, ka tura masa.

Oumarou a Garwa da Marwa ba su ƙirguwa. Kada ka ɗaura wani a salsalar mutum sai sunan uba, gari da zamani duka sun dace. In biyu kawai suka dace, rubuta shi da fensir a gefen shafi, ka koma wurin goggo da sunan.