Tambaya da Amsa: Kallon Besbol a Ƙananan Rukunan Amurka

Wasiƙun wannan karon duk daga 'yan'uwa mazauna Amurka suka zo, kuma maganarsu ɗaya ce: zuwa kallon besbol a filayen ƙananan kulob-kulob.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a jihar Ohayo. An ba ni tikitin wasan Toledo Mud Hens, an ce ƙaramin rukuni ne. Wasan 'yan unguwa ne, ko ya isa a ɓata masa yamma guda?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Je ka, ba wasan unguwa ba ne. Babbar gasar besbol ta Amurka, MLB, kulob 30 gare ta, kowanne da ƙananan kulob huɗu inda yake renon 'yan wasansa, 120 ke nan tun garambawul ɗin 2021. Matakan daga ƙasa su ne Single-A, High-A, Double-A, sai Triple-A. Toledo tana Triple-A ƙarƙashin Detroit Tigers, wato taki ɗaya ya rage tsakanin waɗanda za ka gani da babbar gasa, wasunsu ma daga can aka sauko da su. Michael Jordan, da duk sunansa a ƙwallon kwando, Double-A ya buga da Birmingham Barons a 1994, kuma ya ji a jikinsa.

Abin da ke ɗaure wa sabon zuwa kai shi ne, waɗannan kulob makarantu ne. Uwar kulob ita ke biyan 'yan wasa da masu horarwa, ita ke cewa wane ya hau, wane ya sauka. Don haka za ka ga an cire mai jifan ƙwallo yana tsakiyar haskakawa, ba don ya yi laifi ba, adadin jifan da aka ƙayyade masa ne ya cika, ana tattalin kafaɗarsa. Wanda ya burge ka ranar Talata, kafin Juma'a yana iya kasancewa a Detroit. Shi ya sa 'yan kallo ba sa tayar da jijiyar wuya a kan wa ya ci. Masu filin kuwa, tunda ba su da iko a kan 'yan wasa, sai suka mai da hankali ga abin da ke hannunsu: tikiti mai sauƙi, yawanci dala 10 zuwa 20, tseren yara tsakanin zagaye, dodon kulob, wato mai shigar ban dariya, yana yawo cikin jama'a, wasan wuta bayan an tashi. Kaka tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Satumba, ana bugawa Talata zuwa Lahadi da abokin karawa ɗaya, Litinin hutu.

Tambaya: Ban san ƙa'idar wasan ba sam. Me zan riƙa kallo, kuma awa nawa zan zauna?

Amsa: Zagaye tara ake yi. A kowane zagaye ɓangare ɗaya yana jifan ƙwallo, ɗayan yana bugunsa da sanda har a fitar masa da mutum uku, sai a yi musaya. Maki ɗaya shi ne mutum ya kewaya tasoshi huɗu, masu tazarar ƙafa 90 tsakaninsu, ya dawo inda ya tashi. Jifa uku masu kyau suka wuce mai bugu, ya fita. Huɗu suka kauce bai kai musu duka ba, ya tafi tasha ta farko kyauta. A allon maki za ka ga R, H da E. R kaɗai ne maki, sauran lissafin masana ne.

Tun da aka tsananta agogon da ke ƙayyade wa mai jifa lokaci, wasa kan ci wajen awa biyu da rabi. Idan aka yi kunnen doki ana ƙara zagaye, kuma tun 2018 ana fara ƙarin da mutum tsaye a tasha ta biyu don a gama da wuri. Da can ba haka ba: a 1981 Pawtucket da Rochester sun yi zagaye 33, aka dakata bayan ƙarfe huɗu na asuba, sai a watan Yuni aka ƙarasa wasan da aka fara a Afrilu. A wasu filayen, idan ka ga mai bugu ya dafa hularsa bayan hukuncin alƙalin wasa, ƙara ya ɗaukaka zuwa ga na'ura, za a nuna sakamakon a allo. A tsakiyar zagaye na bakwai kowa zai miƙe a yi waƙa. Ba tashi aka yi ba, miƙe ƙafa ne.

Tambaya: Ina so in kai yarana uku, ƙaramar shekararta huɗu. An ce ƙwallon kan faɗo cikin 'yan kallo. Ina ya fi dacewa mu zauna?

Amsa: Hajiya, gaskiya aka faɗa miki, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Ƙwallon bai wuce giram 149 ba, amma tauri gare shi kamar dutse, kuma yakan bar sanda da gudun da ya haura kilomita 160 a awa. Wanda ya tashi sama ba shi ne abin tsoro ba, ana ganinsa yana saukowa. Wanda ya zo a miƙe ta gefe shi ne matsalar, ko babba mai lura da ƙyar yake kaucewa, balle yarinya mai shan alawa.

Ki sayi kujeru a bayan ragar da ke kare 'yan kallo. An tsawaita raga a filayen nan cikin 'yan shekarun nan, amma tsawonta da tsayinta sun bambanta, don haka ki tambayi mai sayar da tikiti kai tsaye ko layin da zai ba ki yana cikin kariyarta. A cikin kujerunku, ki zauna a wadda ta fi kusa da mai bugu, yaran su biyo bayanki, jikinki ya zama garkuwa. Filaye da yawa suna da tudun ciyawa bayan katangar fili inda ake shimfiɗa bargo, tikitinsa ya fi araha, yara suna samun wurin guje-guje, kuma nisan yana ba da lokacin ganin ƙwallo. Ga mai shekara huɗu, nan muka fi so.

Sai rana. Yawancin filaye an gina su mai bugu yana fuskantar gabas maso arewa, saboda haka da yamma inuwa kan riga sauka a ɓangaren tasha ta uku, yayin da na tasha ta farko ke fama da rana a ido. Ba kowane fili ba, a tambaya.

Ƙwallon da ya shigo cikin jama'a na wanda ya kama ne, ba a mayarwa, kuma al'ada ce babba ya miƙa wa yaron da ke kusa. Amma ki ja wa manyan kunne kada su zura hannu cikin fili su taɓa ƙwallon da ake kan wasa da shi, ana korar mutum a kan haka. Ranar Lahadi kulob da yawa kan bar yara su kewaya tasoshi a guje bayan wasa. Kafin ku fito ki duba dokar jaka, don wasu filayen sai mai shara-shara ko ƙarama suke bari a shiga da ita, kuma da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati.

Tambaya: Yaya batun abinci da salla?

Amsa: Malam, abincin filin shi ne hot dog, wato tsiren niƙaƙƙen nama cikin burodi. Wani na shanu ne zalla, wani da alade a ciki, kuma ko na shanun ne ba ya nufin yankan Musulmi. Gyaɗa mai ɓawo, gugguru da askirim sun wadatar, ɓawon gyaɗar ma a ƙasa ake zubarwa ba mai kallonka. Ka duba jadawalin kulob kafin ka zaɓi rana: Alhamis a wurare da yawa daren giya mai araha ne, akwai kuma ranakun da ake shigowa da karnuka. Lahadi da rana ta fi dacewa da iyali.

Wasan dare wajen ƙarfe bakwai ake farawa. A Yuni, a gari irin Toledo, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara, magariba na iya riskarka dab da tashi, amma a Afrilu da Satumba cikin wasa za ta shiga. Filaye da yawa ba sa barin wanda ya fita ya dawo, don haka ka shiga da alwala, ka nemi teburin kula da baƙi su nuna maka wuri mara cunkoso.

Tambaya: Idan aka yi ruwa, kuɗina ya tafi ke nan?

Amsa: Bai tafi ba, amma kada ka yar da tikitin. Da ruwa ya sauko ake ja tamfol a rufe tsakiyar fili, alƙalan wasa su jira aƙalla minti 30 kafin su yanke hukunci. Wasa yana zama cikakke bayan zagaye biyar, ko huɗu da rabi idan masu gida ke kan gaba. In ba a kai nan ba, tikitinka za a musanya maka da na wata rana, ba kasafai ake mayar da kuɗi ba. Wasan da aka ɗage sau da yawa ana haɗa shi da wani a rana ɗaya, kowanne zagaye bakwai.

Tambaya: Ɗana yana son sa hannun 'yan wasa. Ta yaya ake samu?

Amsa: Ana buɗe ƙofa kamar awa ɗaya kafin jifan farko. Ku shiga da wuri, ku tsaya a bakin katanga kusa da rumfar 'yan wasa lokacin da suke motsa jiki. Ku riƙe biro na yau da kullum, don tawadar alƙalamin maka (marker) tana bajewa a fatar ƙwallo bayan 'yan watanni. Yaron ya roƙa da kansa, ya kira sunan ɗan wasan, sunayen suna cikin takardar jerin 'yan wasa da ake samu a ƙofa. Mai jifan da zai fara wasan ranar kada a tare shi, kuma da an miƙe don taken ƙasa sa hannu ya ƙare sai bayan an tashi.