Neman haihuwa bayan hayaƙin Iraƙi: a biya asibiti ko a nemi haƙƙi?

Tambaya: Maigidana ya yi aikin sojan Amurka a sansanin Balad na Iraƙi, kusa da ramukan ƙona shara, kuma har yanzu Allah bai ba mu haihuwa ba. Mu biya kuɗin dashen ƙwai na IVF da kanmu, ko mu ba wani kamfani da ya yi alkawarin karɓo mana haƙƙinmu?

Amsa: Malama, Allah Ya kawo masu albarka. Kada ku ba kamfanin nan ko sisi, domin dokar Amurka ba ta yarda a caji tsohon soja kuɗin shigar da buƙatarsa ta farko ta neman diyya ba, kuma ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW suna yin aikin kyauta.

Sai dai ku san inda gizo ke saƙar. Dokar PACT, wadda Shugaba Biden ya sa wa hannu a watan Agustan 2022, ta lissafa cututtukan da za a ɗauka kai tsaye cewa hayaƙin ramukan ne ya jawo su, ramukan da ake zuba robobi da batura da sharar asibiti a banka musu wuta da man jirgi. Sankarar gaɓoɓin haihuwa tana cikin jerin, amma rashin haihuwa shi kaɗai dokar ba ta sa shi ba. Saboda haka nauyin kawo hujja yana wuyan maigidanki: takardar da ta nuna inda ya yi aiki, sakamakon gwajin maniyyi, da rubutaccen bayanin likita mai danganta matsalar da aikin soja. Wannan bayani na likita shi ne ƙashin bayan buƙatar, kuma a kansa ya kamata ku ɓata lokaci.

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, tana yi wa duk wanda ya yi rajista gwaje-gwaje da magungunan farko, amma IVF sai an tabbatar da alaƙar da aikin soja. Idan aka tabbatar, har matar tana shiga cikin kulawar, kuma akwai ƙarin kuɗi na wata-wata ga wanda gaɓar haihuwarsa ta daina aiki.

A asibiti mai zaman kansa, zagaye ɗaya na IVF yakan haura dala 15,000. Ku cike fom ɗin neman diyya na VA, wato 21-526EZ, yanzu, ku fara gwajin a VA. Idan kuwa shekarunki sun doshi 40, ku tambayi likita ko jiran zai rage muku dama, domin a nan ne kawai nake ganin biya daga aljihu ya cancanta.