Ambireyaj yana kamawa a sama: a sauke bwat ko a dakata?

Ka ce wani ya kawo ƴar Starlet ta hannu da ya saya kwanan nan a Yamai, yana ƙorafin ambireyaj, wato kuloci, ba ya kamawa sai ƙafa ta kusa sakin feda, kuma yana tsoron dis, wato faifan ambireyaj, ya ƙare. Kana tambaya ko ka sauke bwat, wato akwatin giya, ka duba.

Dakata tukuna, ɗana. Sauke bwat aikin yini ne, kuɗin mutum ne kuma, kamawa a sama kaɗai ba ta isa hujja ba. Kar kuma ka dogara da kilomitan da ke kan allo. Motar da ta ratso teku ta sauka Kwatano ko Lome, ta bi hannuwa da yawa kafin ta iso Tawa, allonta ba shaida ba ne. Motar ita za ta faɗa maka halin da take ciki.

Fara da feda. Danna ta da yatsa, ka auna wasan da take yi kafin ta yi tauri. A ƙananan Toyota ana son milimita 5 zuwa 15. In babu wasan nan sam, bute, wato abin da ke sakin ambireyaj in an taka feda, yana danne kullum da yatsun plato, farantin da ke matse dis, sai dis ya riƙa zamewa alhali da sauran namansa. Motar da ambireyaj ɗinta na waya ne, gyaran noti ɗaya kan warware wannan. Mai aiki da mai kuwa, kamar yawancin Starlet da Corolla, buɗe ƴar robar man, ka ga ko ya ragu ko ya yi baƙi. Man birki ne ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4, ba wani ba.

Sai gwaji. Bari inji ya yi zafi, ka ja birkin hannu a fili inda babu kowa a gaba, ka sa giya ta 3, ka ba da wuta kaɗan, ka saki feda a hankali. Lafiyayyen ambireyaj kashe inji yake yi nan take. In inji ya ci gaba da juyawa ƙafarka a sake, dis yana zamewa. Sau ɗaya ya isa, daƙiƙa biyu ko uku, domin gwajin kansa yana cin dis. Na fi yarda da gwajin hanya: fita kan kwalta wajen gari, kamar hanyar Konni, ka sa giya ta 4 kana tafiyar kilomita 40 zuwa 50, ka taka totur har ƙasa. Kukan inji da gudun mota su tashi tare. Inji ya yi ihu mota ba ta ƙara ba, ga ƙauri na shigowa, to magana ta ƙare.

In ta ci gwajin biyu, kada ka buɗe mata komai. Ka gaya wa mai ita gaskiya: dis ya fara cinyewa, shi ya sa kamun ya hau sama, amma yana riƙewa. Ya tafi ya yi aikinsa, ya dawo ranar da ya ji inji na tashi shi kaɗai a hawa ko da lodi.

Akwai cututtukan da ake ɗora wa dis ba shi da laifi. Giya tana shiga lafiya in inji a kashe, amma tana yin ƙara ko ta ƙi shiga in yana aiki, musamman ta baya: wannan ambireyaj ne ba ya saki, sau da yawa iska ce ta shiga cikin mai ko robar famfon ambireyaj ta gaji. Ɗaga robar ƙaramin famfon da ke jikin bwat, in ka ga jiƙa ka samu ɓarawon. Ƙugin da ke zuwa in ka taka feda, bute ne. Wanda ake ji a furi ya ɓace da ka taka, daga cikin bwat yake. Karkarwa wajen tashi kuwa, duba robobin da ke riƙe da inji kafin ka zargi kowa.

To in ya tabbata sai an buɗe, ga inda nake so ka natsu. Kada ka hura ƙurar ciki da iska ko da baki, tsofaffin dis na iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu, goge da jiƙaƙƙen tsumma. Auna zurfin ƙusoshin da ke riƙe da fatar dis: Toyota ta sa iyaka a milimita 0.3, ƙasa da haka ƙusa za ta fara cin bolan, wato faifan ƙarfen bayan inji da dis ke mannewa a kai. Sannan ka dubi fatar da kyau. Busasshiya mai sirancewa tsufa ne. Baƙa mai maiƙo kuwa mai ne ke zubo mata, ko daga juwan sipi, wato robar da ke tare mai, na bayan inji ko na bakin bwat. Wanda ya sa sabon dis bai canja wannan juwan ba, ya zubar da kuɗin mutane, domin sabon ma zai sha mai ya zame. Shafa bolan da hannu, in akwai tabon shuɗi na ƙuna, tsaga ko rami, a kai wa mai injin gyaran fuska.

Canja uku tare: dis, plato da bute. Na san za a ce maka plato da sauransa, a bar shi. Tsohon plato ƙarfin matsarsa ya ragu, kuma kuɗin sake sauke bwat ya fi abin da aka yi tattali. Wajen haɗawa, duba rubutun da ke nuna gefen bolan, kar ka juya dis baibai. Daidaita shi a tsakiya da sandar daidaitawa ko tsohon sandan bwat. Giris kaɗan a haƙoran sanda, ka goge ragowar, in ya yi yawa fatar zai fantsamawa. Notocin plato a ɗaure su gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, kada ka gama ɗaya ka koma na kusa da shi.

Kafin ya tafi ka zauna kusa da shi ya tuƙa ka gani. In yana barin ƙafa a kan feda, ko yana riƙe mota a hawa da rabin ambireyaj maimakon birki, ka nuna masa. In ta kafe a rairayi, ya sauke kaya, ya rage iskar taya, a tura ta, domin turje mata wuta da rabin feda yana iya ƙone sabon dis a zama ɗaya.