Amsa ga ƙanenmu da ya samu aikin tuƙin jirgi a Ingila

Assalamu alaikum. Ƙanena, wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce wani kamfanin jiragen sama a Ingila ya ɗauke ka, kai ka biya taip retin ɗinka, wato horon tuƙa samfurin jirgi guda, na Boeing 737 daga aljihunka, ga kuɗin lasisi da na medikal, wato gwajin lafiyar matuƙi, ga tikitin zuwa ganin iyali a Kano, kana so ka san ko za a cire maka waɗannan daga albashi kafin a yanki haraji. Allah ya sanya alheri a aikin. Sai dai ka yi haƙuri, mafi girma a cikinsu, wato taip retin ɗin, ba za su cire maka ba.

Dokarsu ta ma'aikaci mai albashi tana da tsauri. Kuɗin da suke yarda da shi shi ne wanda ka kashe kana cikin yin aikin, aikin ne ya tilasta maka, kuma don shi kaɗai ka kashe. Abin da ka kashe don ka cancanci samun aikin, a wurinsu shiri ne ka yi wa kanka. Ni ma wannan bangon na ci karo da shi.

Wani kamfanin dillancin matuƙa ne ya haɗa ni da aikina na farko a can. Mutumin da ke riƙe da takarduna ya dube ni ido da ido ya ce in biya kawai, duk zan dawo da kuɗina ta hanyar haraji a shekarar farko. Ba sau ɗaya ya faɗa ba. A kan maganarsa na je na zauna gaban mahaifiyata. Gonar da ta gada a wajen mahaifinta ta sayar, yayana ya ɗora da kuɗin da yake tarawa na gini, aka haɗa aka tura. Ta hannun kamfanin nasu aka biya makarantar horon, rasit ɗin ma da sunansu ya fito, ban ga nawa suka yanka a tsakiya ba sai daga baya wani abokin karatuna ya nuna mini abin da shi ya biya kai tsaye. Ranar da amsar hukumar haraji ta zo, ina ɗakin otal ne, da asuba zan tashi jirgi. Na karanta, na sake karantawa, barci ya ƙaurace mini. Na kira mutumin nan, ya ce shi bai taɓa yi mini alkawari ba, in nuna masa inda ya rubuta. Daga nan ya daina ɗaukar wayata. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne, yadda zan buɗe baki in gaya wa Hajiya cewa gonarta ba za ta dawo a lokacin da na ce mata ba. Da na gaya mata, cewa kawai ta yi Allah ya sa albarka, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan da faɗa ta yi. Har yau in na tuna muryar mutumin nan sai zuciyata ta yi zafi. Na bar shi da Allah. Don haka duk wanda ya ce maka "za ka dawo da shi ta haraji", ka ce ya rubuta ya sa hannu.

Akwai abin da ake samu, kada ka bar musu. Hukumar harajinsu, HMRC, ta ware wa matuƙa masu yunifom fam 1,022 a shekara, ba sai ka kawo rasit ba, na wankin yunifom da hedset da jakar aiki da makamantansu. Ka fahimta dai, ba kuɗin za su miƙo maka ba, daga abin da ake lissafa maka haraji a kai za a rage shi. In kana cikin masu biyan harajin kashi 40 cikin ɗari, abin da zai dawo maka ya ɗan haura fam 400. Kuɗin sabunta lasisi da medikal ɗin da ke tare da shi, in kai ka biya kuma kamfani bai mayar maka ba, ka nema. In ka shiga BALPA, ƙungiyar matuƙa jiragen sama ta Birtaniya, ana cire wani kaso na kuɗin ƙungiyar daga abin da ake lissafa maka haraji a kai. Ka shiga ma ko ba don haraji ba, ranar da kamfani ya juya maka baya za ka san amfaninsu. Fom ɗin P87 ake cikewa don neman wannan ragin in jimillar ba ta wuce fam 2,500 ba, in ta wuce sai babban fom na shekara. Shekararsu ta haraji daga 6 ga Afrilu take farawa, kuma ana iya komawa baya shekara huɗu a nema.

Tikitin Kano kam ka cire rai, haka ma kuɗin mota daga gidanka zuwa bes, wato filin jirgin da kake fara aiki. Na san yana da ciwo, tunda ba yawon shaƙatawa kake zuwa ba, 'ya'yanka kake zuwa gani.

Tunda ana maganar medikal, don Allah ka yanki inshorar rasa lasisi. Na ga kyaftin mai shekaru a aiki, likita ya ga wani abu a gwajin zuciyarsa, aka tsayar da shi, ga bashin horo bai gama biya ba, ga dangi sun saba da aike duk wata. Kuma ka koyi cewa babu. Mutanen gida suna jin albashi da fam, ba sa jin abin da ake yankewa kafin ya shigo hannunka, ba sa jin kuɗin haya a kusa da filin jirgi. Ka fara da biyan waɗanda suka ɗauki nauyin karatunka.

Sai maganar gida, wadda yawancinmu muke mantawa. Sabuwar dokar harajin Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ba kwana 183 kaɗai take dubawa ba wajen cewa mutum mazaunin ƙasa ne. Tana duba ko kana da gidan zama na dindindin, da iyali da harkokin samu a nan, kuma mazauni ana lissafa masa abin da ya samu ko'ina a duniya. Kai kuma matarka da yara suna Kano. Akwai yarjejeniya tsakanin Najeriya da Birtaniya tun 1987 don kada a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya, amma takarda ce za ta tsaya maka. Ka adana kowane silif na albashi, da P60, takardar jimillar albashi da haraji da za su ba ka a ƙarshen shekara, da rostarka, wato jadawalin aikinka, wata bayan wata. Ka samu akawun haraji wanda ya taɓa riƙe lissafin ma'aikatan jirgi, ba kowane ba, kuma kada ya zama wanda dillalinka ya nuna maka.

Abu ɗaya ba ka faɗa ba: kamfanin ne ya ɗauke ka kai tsaye yana yanke harajin daga albashi, ko dillali ne ya rubuta ka a matsayin ɗan kwantiragi mai zaman kansa? Duk abin da na faɗa na mai albashi ne. In na biyun ne lissafin ya sauya, kuma nan aka fi cutar yaranmu. Ka duba kwantiraginka yau ka gaya mini abin da aka rubuta, ka kuma duba sunan wa ke kan rasit ɗin horon.