Ku Tambaya Mu Amsa: Sunayen da Ake Jefawa Cikin Muhawara

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni malamin lakwal ne a Tawa, kuma kusan kowane dare ina zama a fadarmu ta unguwa, inda ake shan shayi ana taɓa siyasa. Akwai abokanmu biyu da suka yi jami'a a Yamai, waɗanda ba sa rufe magana sai sun jefo wani suna. Idan aka yi zancen ɗan siyasa mai wayo, sai ɗayansu ya ce ai wannan Makiyabeli ne. Idan wani ya gaskata abin da ya ji a rediyo, sai a ce masa har yanzu yana cikin kogon Aflatun. Idan mace ta yi tsayin daka, sai a ce Sarauniya ce. Da zarar sunan ya faɗo sai kowa ya yi tsit kamar alƙali ya yanke hukunci, ni ma in yi shiru, alhali a raina ban gamsu ba. Shin wannan ilimi ne da ya kamata in nema, ko kuwa burga ce kawai?

Daga wani mai karatu, Tawa.

AMSA: Malam, mun gode da wasiƙarka, Allah ya ƙara basira. Abin da abokanka suke yi ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Idan tsohuwa ta ce wa jikanta shi Gizo ne, ba ta buƙatar ta kawo tatsuniya, domin kowa a gidan ya san wayon Gizo, ya kuma san inda wayon yake kai shi. Idan a garinku aka kira ƙaƙƙarfan saurayi Kantu, dattawa sun san ana nufin Yakuba Kantu na Maradi, wanda ya yi nasara a gasar kokowa ta ƙasa ta farko, wadda aka yi a nan Tawa a 1975. Suna irin wannan yana aiki ne saboda mai faɗa da mai ji sun yi tarayya a labarin da ke bayansa. Inda mai ji bai san labarin ba, sunan ya zama buhu ɗaurarren baki, kuma ba wanda yake sayen gero a kasuwa bai sa hannu ya ga ƙwayar ba. Bari mu kwance bakin buhunan nan uku da ka kawo.

Makiyabeli ma'aikacin gwamnatin birnin Fulorans ne a Italiya. An raba shi da aikinsa a 1512 lokacin da gidan Medici ya dawo kan mulki, ya koma gonarsa, ya rubuta ɗan littafinsa na nasiha ga mai mulki a 1513, ba a kuma buga shi ba sai a 1532, bayan mutuwarsa da shekara biyar. Gaskiya ne ya ce idan sarki ba zai iya haɗa ƙauna da tsoro a zukatan talakawansa ba, ya fi masa aminci a ji tsoronsa. Amma a wuri guda ya ja kunnen sarkin da kada ya yarda a tsane shi, ya kuma ce hanyar kauce wa haka ita ce ya ɗauke hannunsa daga dukiyar mutane da matansu. Saboda haka ɗan siyasar da yake wawure kuɗin jama'a har suka tsane shi ya saɓa wa Makiyabeli ne, kiransa da wannan suna ma ƙarin girma ne da bai cancanta ba. Af, kafin in wuce: kimanin shekara ashirin kafin wannan littafi, Shaihu al-Maghili, wanda ya ratso ta ƙasar Abzin kafin ya isa Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan abin da ya wajaba a kan masu mulki. Da wuya ka ji an ambace shi a fada, ko da yake ya fi kusa da mu ta kowace fuska.

Kogon Aflatun kuwa misali ne da wannan masanin falsafa na Girka ya buga. Wasu mutane ne aka ɗaure tun suna yara a cikin kogo, fuskokinsu na kallon bango, wuta na ci a bayansu, ba su taɓa ganin komai ba sai inuwar abubuwan da ake wucewa da su, har suka ɗauka inuwar ita ce ainihin abin. Aka kwance ɗaya, ya fita, ya ga rana. Misalin bai tsaya nan ba, domin Aflatun ya ɗora wa wanda ya fita nauyin ya koma cikin duhun ya yi wa ƴan'uwansa bayani, ko da za su yi masa dariya. Abokinka da ya ce kana cikin kogo, sannan ya ci gaba da kurɓar shayinsa bai nuna maka inda inuwar take ba, rabin misalin ya ɗauko.

Na uku shi ne ya fi buƙatar natsuwa, domin namu ne, kuma abin da mutum yake gani nasa ne shi ya fi saurin ɗauka ya sani. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Bule da Shanwan, ta ratsa ƙasar nan daga yamma ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane, kuma abin da ta yi a Birnin Ƙonni har yau ba a manta ba. A watan Afrilu na wannan shekara ta yi karo da mutanen Lugu, a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, waɗanda suke ƙarƙashin Sarauniya Mangu, suka ƙi miƙa wuya, aka gwabza, sannan suka janye cikin daji. Bayan ƴan watanni Bule ya sa aka harbe Kanar Kulob da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, su ma hafsoshin biyu sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi. Wannan shi ne abin da ya faru. Amma Sarauniyar da yawancinmu muke gani a zuci idan an ambaci sunan, jarumar da ke jawabi mai zafi a gaban mayaƙa, ta fito ne daga littafin da Abdullahi Mamani ya buga a 1980, da kuma fim ɗin da Med Hondo ɗan Muritaniya ya yi a kansa a 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a 1987. Mamani ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba ne da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya kuma rubuta ƙagaggen labari ne a kan ginshiƙin tarihi, yana neman ya ba ƙasa jarumar da za ta yi alfahari da ita. Wannan ba laifi ba ne, aikin marubuci ke nan. A Lugu kuwa Sarauniya sarauta ce ta gargajiya mai haɗe da al'amuran tsafi, wadda mata suka riƙa gada kafin Mangu da bayanta. Ka ga ke nan wanda ya ce wance Sarauniya ce, yana da kyau a san wacce yake nufi a cikinsu, ta Lugu, ko ta littafi, ko ta silima.

Amsar tambayarka ita ce, a ganina, ilimi ne idan mai maganar zai iya ba da labarin, burga ce idan ba zai iya ba, kuma hanyar ganewa ba ta da wuya. Ranar da aka sake jefo suna, ka ce cikin ladabi, "Don Allah ƙara mini haske, me mutumin ya ce, kuma ta ina ya yi kama da abin da muke magana a kai?" Wanda ya karanta zai ji daɗin tambayar, fada kuma ta ƙaru. Wanda ya tsinta a bakin wani zai fara kame-kame, a nan sai ka yi masa sutura, kada ka kunyata shi a gaban mutane, domin gobe ma tare za ku zauna. Kai kuma malami ne, ka fi kowa sanin cewa ɗalibin da yake ɗaga hannu ya fi wanda yake gyaɗa kai ƙaruwa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Yayana ya dawo daga ƙasar waje da wata irin shiga da wata irin tafiya, sai babanmu ya yi dariya ya ce ga kaboyin Mustafa Alasan ya sauka. Duk manyan gidan suka fashe da dariya, mu yara ba mu gane ba. Me Baba yake nufi?

Daga wata ɗaliba, Yamai.

AMSA: Ƴata, Baba ya yi wa yayanki habaici mai daɗi. Mustafa Alasan yana cikin waɗanda suka kafa harsashin silima a Nijar, tare da Umaru Ganda. A 1966 ya yi wani fim a kan saurayin da ya dawo gida daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi, suka canza sunaye, suka hau dawakai suna tayar da hankalin ƙauye, har wasan ya kai ga zubar da jini. A cikinsa Zalika Sule ta fito, wadda ta zama ɗaya daga cikin fitattun ƴan wasan silima mata na farko a wannan yanki. A lokacin gidajen silima na Yamai cike suke da finafinan kaboyi, shi ya sa tsaran babanki suka gane kansu da abokansu a ciki. Mustafa Alasan ya yi shekaru masu yawa yana zaune a Tawa, inda ya ci gaba da finafinan zane da na ƴan tsana, ya rasu a 2015. Cibiyar al'adun nan ta Yamai da a da take ɗauke da sunan Jan Rush, Bafaranshen nan mai shirya finafinai, yanzu sunan Mustafa Alasan take ɗauke da shi. Ki roƙi Baba ya ba ku labarin fim ɗin da bakinsa, amma ki bari sai yayan naki ba ya kusa.