Amsa ga mai tambaya kan Salmon Chase

Wayyo ɗan'uwa, ina ganin tambayarka gabana ya faɗi, wai an ba ka furojet kan sauya sheƙar Salmon Chase, ɗan siyasar Amurka na ƙarni na 19, kuma jam'iyyun sun cakuɗe maka. Mutumin nan shi ya kusa sa ni maimaita shekara wallahi.

Ni sufabaiza na wata huɗu yana riƙe da babi na biyu, kullum in je ofis ya ce dawo jibi, ashe ko buɗewa bai yi ba, da ya miƙo min har da tabon shayi a bangon. Ranar difens malamin da aka gayyato daga waje ya ce waye ya zaɓi Chase sanata a 1849, ni kuwa da ƙarfina na ce jama'ar jihar Ohio suka kaɗa masa ƙuri'a. Ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Ashe a lokacin majalisar jiha ce ke zaɓen sanata, 'yan Free Soil, jam'iyyar masu adawa da yaɗa bauta zuwa sabbin yankuna, suka ƙulla ciniki da 'yan Democrat, aka ba Chase kujera aka kuma soke wasu dokokin jihar masu danne baƙar fata. Abin da ya ƙona min rai, sufabaizan nan shi ya fara dariya, har yana cewa ai ya gaya min, yaushe ka gaya min Malam? Ga ƙannena 'yan aji uku zaune a baya, gumi har cikin takalmi. Har yau in na hango irin motarsa sai raina ya ɓaci, na bar shi da Allah.

To kai dai kar ka tsaya ƙirga jam'iyyu, za ka haukace. Bi maganar bauta. Chase lauya ne a birnin Cincinnati mai kare bayin da suka gudo, ya bar jam'iyyar Whig ya shiga Liberty ta masu adawa da bauta a 1841, sai Free Soil a 1848, da dokar Kansas-Nebraska ta 1854 ta buɗe wa bauta ƙofar sabbin yankuna sai ga shi cikin masu kafa Republican, ya zama gwamnan Ohio a 1856. Duk wannan yawon magana ɗaya yake bi.

Inda zan ce ka matse shi shi ne daga 1860. Abraham Lincoln ya kayar da shi a neman tikitin shugaban ƙasa na Republican, da ya ci zaɓe ya ba shi ministan kuɗi, mutumin ya sa hotonsa a takardar dala ɗaya, ka ji son a san ka. Yana cikin gwamnati yana hangen kujerar maigidansa, a 1864 Lincoln ya karɓi takardar murabus ɗinsa, kuma a shekarar ya naɗa shi alƙalin alƙalai. Duk da haka a 1868 ya koma neman tikitin shugaban ƙasa na Democrat, suka ba Horatio Seymour. Nan kam ni kwaɗayi na gani, ko me malamai za su ce.

Kuma don Allah ka yi fotokwafin duk babin da ka miƙa, ka rubuta ranar a littafi. Ka ci abinci kafin difens, ni da yunwa na shiga. Kar ka kwatanta Democrat ɗin wancan zamani da ta yau, nan ma sai da aka kama ni. In kana son babi na biyu nawa yi min magana ta inbos, na gyara wurin sanatan da jan biro.